Asarar Kan Hanya

A ajin Malam Hamajoda, a Marwa,
an zana mana ƙasarmu a allo, babu mutum ko ɗaya:
ɗigo nan, ɗigo can, zare a tsakani.
Ɗigon farko Lagdo ne, inda aka tare Binuwai
aka ce masa, juya mana inji kafin ka wuce.
Na biyu Garwa. Gidanmu na ciki,
amma alli bai nuna ba.

Ya ce wuta ba dawa ba ce, ba ta da rumbu.
Yadda aka haife ta haka ake cinye ta,
kafin ƙiftawar ido.
In masu ja suka rinjayi masu bayarwa
bugun zuciyarta ya sauko daga hamsin,
injina su ji jiri, layi ya saki layi,
gari ya yi ɗif.

Ana ɗaga ƙarfinta kafin ta kama hanya
don kada waya ta sha da yawa.
Duk da haka tana sha.
Tulu ne mai tsaga a kan mai ɗebo:
abin da ya baro rafi
ba shi ke isa randa ba.

Ranar Laraba kuma ciniki ake koya mana.
Mai arha ya fara shiga: ruwa, sannan rana,
sannan tsohon injin nan mai shan baƙin mai yana tari.
Wanda aka tasa a ƙarshe, mafi tsada,
shi ke yanka wa kowa farashi.
Shafi uku na cika da lissafi cikin Faransanci
kafin na gane muryar Inna ce,
Uwani mai ƙanƙara ta Rumde Ajiya:
ƙullin dala biyar da hantsi,
da la'asar ɗin azumi dala ashirin, har ana roƙonta,
bayan isha'i ko kyauta ba mai miƙo hannu.
Ita ma kayanta ba ya kwana.
Ba wanda ya ba ta takarda a kan haka.

Sai aka zo babin asara.
Gida biyu a jadawali:
wadda waya ta sha, da wadda ba waya ba.
Na biyun an rubuta shi kashi kaza cikin ɗari.
Ni kuwa na san shi da suna.
Kawu Jatau ne, mai walda,
da gorarsa mai ƙugiya a baka,
yana fita in dare ya raba, yana sauke ta kafin assalatu.
Da tartsatsin wannan ƙugiya aka haɗa ƙofofi tara,
da kuɗin ƙofofin aka biya mini rajista.

Ranar jarrabawa tambayar ta fito:
ta yaya za a rage wannan asara?
Na rubuta mita mai kati, biya kafin sha.
Na rubuta sintiri. Na rubuta tara.
Hannuna bai yi rawa ba, abin da ya fi damuna ke nan.
Sha shida bisa ashirin.
Ban faɗa a gida ba.

Jiya da dare an ɗauke.
Ina bitar darasi da hasken waya sai ga Inna:
can ma an ɗauke tun azahar,
firiza na zubar da hawaye a tsakar ɗaki.
Ta ce, ke da kike karatun wutar, yaushe za a kawo?

Na san zurfin tafki a tsakiyar bazara.
Na san nauyin da layi ke iya ɗauka kafin ya yi ciki.
Na buɗe baki, duk suka tsaya a maƙoshi.
Na ce, Inna, sai ruwa ya sauka.

Ta yi dariya har da tari.
Ta ce, wannan ai ko ni na sani.

Gobe da bakwai akwai aji.
Zan bi ta ƙarƙashin dogayen ƙarafan nan
masu riƙe da waya kamar mata a bakin shanya,
in tsaya kaɗan, in kasa kunne
ko sun fara guna.